An Bar Maka Rabin Fili Fayau, Me Ya Hana Ka Bi? Labarin Dangwale A Wasan Besbol

 Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin domin waɗanda data ba ta ishe su sauke murya ba, da waɗanda suka fi jin daɗin karatu.

Yau wasanni za mu taɓa, sai dai mun ɗan ajiye Firimiya da Laliga a gefe. Besbol za mu tattauna, wasan Amurkawan nan da ake dukan ƙaramar ƙwallo da kulki. Na san idan ka zaga Kademi, ka shiga Gaya, ka ɓulla Ajingi, da wuya ka tara mutum goma da suka taɓa kallonsa daga farko har ƙarshe, duk da cewa an buga shi a ƙasar nan lokacin gasar wasannin Afirka da aka yi a Abuja a 2003. To me ya kawo shi shirinmu? Wata tambaya ce da ke cikinsa, wadda duk mai buga ƙwallo a filin firamare ko mai kallon dambe zai gane ta nan take.

A ce kai ɗan wasa ne, abokan karawarka sun kwashe 'yan bayansu sun tara a gefe guda, sun bar maka rabin fili babu kowa. Me za ka yi? Kowa zai ce, in bi inda babu kowa mana! To a Amurka daga 1946 har zuwa 2022 an yi ta yi wa manyan 'yan wasa haka, kuma mafi yawansu sun ƙi bi. Ba wawaye ba ne, mutane ne da ake biya miliyoyin daloli. Dalilinsu nake so mu bincika, mu ga inda suke da gaskiya da inda girman kai ne kawai.

Bari in fara zana muku filin a taƙaice. Ƙungiya biyu ce, kowacce mutum 9. Ɗaya tana tsaron fili, ɗaya tana turo masu duka ɗaya bayan ɗaya. Akwai tasha huɗu da aka jera kamar kusurwoyin ɗaki, tsakanin kowace biyu mita 27 da 'yan kai. Mai duka yana tsaye a tashar gida, tasha ta ɗaya tana damansa, ta biyu tana gabansa can tsakiya, ta uku tana hagunsa. Mai jifa zai wurgo ƙwallo daga nisan mita 18 da ɗoriya. In ka doke ta sai ka yar da kulki ka sheƙa tasha ta ɗaya. In masu tsaro sun cafe ta a sama, ko sun tsince ta a ƙasa sun jefa ta riga ka isa tashar, an fitar da kai. Idan ka kuskure jifa mai kyau har sau uku, nan ma ka fita. Da an fitar da mutum uku sai a yi canji. Wannan zagayen bari mu kira shi turmi kamar na dambe, kuma turmi 9 ake yi. Maki ba ya samuwa sai mutum ya zaga tashoshin nan ya dawo gida. Babban abin da kowa ke nema shi ne ka maka ƙwallo ta tsallake katangar fili, ka zagaya hankali kwance kai da duk ɗan ƙungiyarku da ke kan tasha. Shi suke ce wa hom ron.

A al'ada masu tsaron kusa da tashoshi su huɗu ne, biyu a dama, biyu a hagu, sai uku can baya kusa da katanga. Yauwa, a nan labarin ya fara.

Akwai wani ɗan wasan Boston Red Sox mai suna Ted Williams, bahago ne wajen duka. A 1941 ya yi abin da har yau ba a sake yi ba a babbar gasarsu: a lissafin kowane duka 1,000 yana cin 406. Shi bahago idan ya saki ƙarfinsa, jikinsa juyawa yake, ƙwallon kuma sai ta bi juyin nan ta nufi ɓangaren dama na fili. Ranar 14 ga Yuli, 1946, Boston ta buga wasa biyu a rana ɗaya da Cleveland. A wasan farko Williams ya tsallake katanga har sau uku. Kocin Cleveland, Lou Boudreau, wanda shi ma ɗan wasa ne a cikin fili kuma shekararsa 28 kacal, ya ga abin ya ishe shi. A wasa na biyu sai ya kwashe kusan kowa ya tura dama, ya bar mutum ɗaya tak a duk ɓangaren hagu. Wannan shi ne abin da suke kira shif, mu kuma mu ce karkatar tsaro.

Maganinta a fili yake, kuma ya girmi karkatar kanta. Suna ce masa bant, ni kuma zan kira shi dangwale. Maimakon ka kai duka, sai ka juyo ka fuskanci mai jifa, ka ɗan durƙusa, ka zame hannu ɗaya zuwa tsakiyar kulkin, ka miƙa shi a kwance ƙwallon ta same shi. Kamar yadda ɗan ƙwallo ke kashe ƙwallo da ƙirji ta faɗo gabansa, haka ake so kulkin ya shanye ƙarfin jifan, ƙwallon ta gangara a hankali ta bi layin tasha ta uku inda babu kowa. Kafin wani ya rugo daga nesa ya ɗauka ya jefa, kai ka cinye mita 27 ɗinka cikin daƙiƙa huɗu da wani abu.

Williams ya taɓa yi. A wasannin ƙarshe na cin kofi, wato World Series, a Oktoban 1946, St. Louis Cardinals ma sun karkata masa, sai ya dangwala ta hagu a wasa na uku ya isa tasha lafiya. Abin ya zama labari a jaridu saboda ba halinsa ba ne. Sauran shekarunsa kuwa, yawanci dukansa ya ci gaba da yi cikin taron masu tsaron nan, kuma ya yi ritaya da hom ron 521.

Shekaru da dama karkatar tsaro ta zama abin da ake yi wa ɗaiɗaikun gwanaye kawai. Kwamfuta ce ta canza lamarin. Ƙungiyoyi suka fara tara bayanan inda kowace ƙwallon kowane ɗan wasa ta faɗa, a buga taswira a ba koci. Joe Maddon, wanda ya karɓi Tampa Bay a 2006, yana cikin waɗanda suka farfaɗo da ita, musamman a kan David Ortiz na Boston. Houston Astros suka ɗauka suka zurfafa. Zuwa 2022, kusan kashi ɗaya cikin uku na duk fitowar masu duka ana karkata musu, bahagwai kuwa fiye da rabin lokaci. An fi yi wa bahago ne saboda dole mai tsaron tasha ta ɗaya ya zauna kusa da tasharsa a dama, don haka ba a iya kwashe kowa a koma hagu saboda mai hannun dama.

To yanzu mu zo kan lissafi. Gwanin mai duka yakan isa tasha kamar sau 35 zuwa 40 cikin fitowa 100. Idan dangwale zai kai ka tasha sau 50 ko 60 cikin 100, ai ba sai an kira malamin lissafi ba. Kuma wani lokaci ribar takan fi haka. A 2013 Robinson Cano na New York Yankees ya tura dangwale da ɗan ƙarfi a wasansu da Boston, ƙwallon ta yi ta gangarawa babu mai ɗauka har ya kai tasha ta biyu. Matt Carpenter na St. Louis ya yi irinta a 2019 a kan Miami. Duk wanda ya ga bidiyon nan zai ce shi ke nan, an gama da karkata.

Amma fa banza ba ta kai zomo kasuwa. Akwai abubuwa uku da mai kallo daga kan benci ba ya gani.

Na farko, dangwalen kansa wuya gare shi. Ƙwallon nan tauri gare ta kamar dutse, tana zuwa da gudun kusan kilomita 150 a awa, kuma ba ta cika rabin daƙiƙa ba take isowa. Da mai jifa ya ga ka juyo, sai ya ɗaga ta sama kusa da fuskarka, inda in ka taɓa ta sama za ta tashi a cafe. Yatsun hannunka suna kan kulki a daidai inda ƙwallon ke zuwa, kuma an sha karya yatsu a haka. Masu bin ƙididdigar wasan sun gano kusan rabin yunƙurin dangwale ba ya ma shiga cikin layi, ko a kuskure ko ta fita waje. Kowane ɗaya kuskure ne a kanka cikin ukun nan. Sannan doka ta ce idan kana da kuskure biyu ka dangwala ta fita waje, ka fita kenan, alhali mai cikakken duka in tasa ta fita waje ana sake jefo masa. Shi ya sa kafin 2023 ƙungiyoyi da yawa sukan bar mutum ɗaya kusa da tasha ta uku har sai ka yi kuskure biyu, sannan su janye shi, don sun san ba za ka ƙara gwadawa ba.

Mu ɗora misali a allo, lissafina ne na misali kawai. A ce ka gwada sau 100. Sau 50 ta shiga fili, a ciki a ce ka tsira sau 30, an fitar da kai sau 20. Sauran 50 ɗin ka dawo ka tsaya da kuskure ɗaya a wuyanka, mai jifa ya samu galaba a kanka. Kun ga ribar da muke hange kamar tsauni ta dawo tudun shuri. Wanda ya ƙware zai ɗaga lissafin nan sama sosai. Wanda rabonsa da dangwale tun yana makarantar sakandare kuwa, ƙasa zai yi.

Na biyu, ba duk isa tasha ne daidai ba. Dangwale tasha ɗaya yake ba ka, kuma sau da yawa sai an haɗa irin wannan har uku a turmi guda kafin a samu maki ɗaya. Mai tsallake katanga kuwa duka ɗaya maki ɗaya ne, ko biyu, har huɗu in tashoshi a cike suke. Ku ɗauki Joey Gallo na Texas Rangers: a 2019 ya cika hom ron 100 alhali dukansa na tasha ɗaya 93 ne kawai, abin da ba a taɓa gani ba. Idan irin wannan ƙato ya ajiye ƙarfinsa ya dangwala, kocin abokan karawa hamdala zai yi. Filin da aka bar masa tayi ne irin na kasuwa. Suna cewa, ga tasha ɗaya kyauta, ka bar mana katangarmu. Wanda ya san ciniki ya san idan mai kaya ya yi saurin cewa sallama, sai ka sake duba kayan.

Wannan ita ce hujjar Ted Williams, kuma mu 'yan gidan kallo mun san mai irinta. Arjen Robben! Duniya kaf ta san zai taho ta dama, ya yanko ciki, ya nannaɗa da ƙafar hagu. Masu tsaron baya sun sani, mai tsaron gida ya sani, yaron da ke sayar da gyaɗa a ƙofar gidan kallo ya sani. Duk da haka ya shekara da shekaru yana ci. Idan makaminka ya kai wannan matsayin, barinsa don an buɗe maka wata ƙofa asara ce.

Na uku shi ne wanda ba ya cikin lissafi: kunya da girman kai. A besbol akwai wasu dokoki da ba a rubuta ba, irin na "ba girmanka ba ne". Ranar 1 ga Afrilu, 2018, Minnesota Twins tana cin Baltimore 7 da nema a turmi na ƙarshe. Suka karkata wa wani matashi mai suna Chance Sisco, shi kuwa ya dangwala ta inda babu kowa ya isa tasha. Bayan wasa sai ga manyan 'yan Minnesota, har da Brian Dozier, suna ƙorafi wai bai kyauta ba. Jama'a ku ji fa! Ku kuna gaba da 7, ba ku ji kunyar karkata masa ba, shi ne zai ji kunyar bin hanyar da kuka buɗe? A nan kam ina bayan yaron ɗari bisa ɗari. Ga kuma batun aljihu: kwantiragi mai tsoka mai tsallake katanga ake ba, don haka ɗan wasa yana iya sanin dangwale zai taimaki ƙungiya yau, amma ya tuna ba shi zai ƙara masa albashi baɗi ba.

To yaushe dangwale ke da riba? Amsar tana ga yanayin wasa. Idan kai ne farkon fitowa a turmi, ba a fitar da kowa ba, isarka tasha tana da daraja domin akwai mutane a bayanka da za su iya kawo ka gida. Idan ana binku maki uku a ƙarshen wasa, hom ron ɗinka kai kaɗai maki ɗaya ne, abin da ƙungiya ke buƙata shi ne a tara mutane a tashoshi, don haka karɓi kyautar. Amma idan an riga an fitar da biyu, babu kowa a tasha, kai kuma ba ka da gudu, to tasha ɗayan nan da wuya ta haifi komai, gara ka saki hannu.

Kuma babbar ribar dangwale ma ba a ranar ake ganinta ba. Idan ka yi sau biyu sau uku ka ci, taswirar da ke hannun kocinsu ta canza. Dole ya mayar da mutum ɗaya hagu, kuma mutumin nan daga dama aka cire shi, inda ƙarfinka yake. Ashe ba sai ka koma ɗan dangwale ba. Ka yi shi daidai gwargwadon da za su yarda kana iyawa, sai su buɗe maka hanyarka ta asali.

Sai dai a kula, canza hanya ba tare da shiri ba shi ma tarko ne. Ku tuna daren Mosko, 21 ga Mayu, 2008, wasan ƙarshe na Zakarun Turai tsakanin Manchester United da Chelsea. A bugun fenariti, 'yan Chelsea shida na farko duk hagun Edwin van der Sar suka nufa. Da Nicolas Anelka ya zo, sai Van der Sar ya miƙa hannu yana nuna masa hagun nan, kamar yana cewa na gano ku. Anelka ya buga ta damansa, a tsayin da mai tsaron gida ya fi so, ya kaɗe ta, kofi ya tafi Manchester. Ya bi ɗaya ɓangaren, amma bugun ba shi da inganci, kuma mai tsaron gidan can yake jiransa. Haka dangwalen wanda bai yi atisaye ba yake ƙarewa.

Ƙarshen labarin a Amurka, ba masu duka ne suka karya karkata ba. Hukumar gasar ce ta gaji. A 2022 matsakaicin cin duka ya faɗo zuwa 243 cikin 1,000, mafi ƙanƙanta tun 1968, 'yan kallo suna ƙorafin wasa ya zama ko katanga ko fita. Daga 2023 aka kafa doka: dole masu tsaron kusa su zama biyu a kowane gefe na tasha ta biyu, kuma duka huɗun ƙafafunsu a cikin da'irar ƙasa lokacin jifa, ba can kan ciyawar baya ba. A shekarar lissafin ya ɗan hau zuwa 248, a 2024 ya sake komawa 243. Wato karkata ba ita kaɗai ce matsalar ba, ƙarfin masu jifa na nan daram.

Yanzu mu dawo gida. Mu a nan babu hukumar da za ta hana abokin karawarka tsayawa inda ya san za ka bi. Kuma ba ma buƙatar kwamfuta kafin a karance ka. A gasar unguwanni ko ta ƙauyuka, wanda zai tsare ka ya san ka tun kuna firamare, ya san ƙafar da kake yanka da ita, ya san kusurwar da kake buga fenariti. A dambe ma haka ne, hannun da aka naɗe kowa na ganinsa, garkuwar abokin karawa can take fuskanta. Shi ya sa ɗan damben da aka san yana iya kai ƙafa yake samun sararin saukar da hannunsa, domin hankalin abokin karawarsa ya rabu biyu.

Ra'ayina, kuma ina jiran naku: Williams da Robben suna da hujja, amma irinsu ɗaya ne cikin dubu. Matsalar ita ce kowane yaro mai shekara 16 da ya ci ƙwallo biyu da yanka ɗaya yana ganin shi ne Robben. Ranar da ya je gwaji Kano, ya haɗu da ɗan bayan da ya karance shi cikin minti goma, sai a nemi yaro a rasa, a dawo gida ana cewa an yi masa son kai. Wani lokaci son kan gaskiya ne, ba na musu. Wani lokaci kuma ƙofa ɗaya gare shi, aka rufe ta.

Don haka kocinanmu na Kademi da Gaya da Ajingi, masu haƙuri da yaran nan ba albashi ba alawus, ga roƙona. A ware ko minti 15 ne a kowane atisaye don raunanniyar ƙafa, da bugun fenariti ta kusurwar da yaro ba ya so. A koya masa ya duba sakamako da lokaci kafin ya zaɓa: ana binmu ne ko muna gaba, saura minti nawa, wa ke kusa da ni. Kuma mu 'yan kallo mu daina yi wa yaro ihu don ya ba da fas mai sauƙi maimakon ya yanke mutum uku. Ihunmu na cikin abin da ke hana su koyo.

A nan za mu dakata. Wanda yake ganin Williams ya yi daidai da ya ƙi sauya hali, ya faɗa mana hujjarsa, za mu karanto a shiri na gaba. A tura wa kocin unguwarku shi ma ya karanta. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, na bar ku lafiya.